Tukunyar Miya a Cikin Jirgin Rukayya

Ƙarfe shida da kwata na safiyar Asabar muka fito daga gidanmu da ke Lewisham, ni da 'yata Rukayya. Mahaifiyarta ta rako mu bakin matakala, ta miƙa mana shayi a fulas, ta ce sai mun dawo, ita ba za ta iya kallon 'yarta a kan ruwa ba. Tafiyar duka, zuwa da dawowa, ba ta kai mil goma ba. Amma zan rubuta ta daki-daki, domin har yanzu raina a ɓace yake, kuma ina so a san inda aka yi ɓarnar da yadda aka yi ta.

Sunana Haruna, mutumin Yauri ne ni, direban bas a nan London. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, maƙerin jirgin ruwa ne. Rukayya kuwa a nan aka haife ta. Tana jin Hausa sarai, amma da Turanci take ba ni amsa. Tun da ta girma maganarmu ta taƙaita: kin ci abinci, kin yi sallah, ƙarfe nawa za ki dawo. Bara da sanyi ta zo min da labarin wata tsohuwar Baturiya mai suna Morin, wadda ke koyar da haɗa ƙaramin jirgin ruwa da hannu a wani shago ƙarƙashin gadar jirgin ƙasa, kusa da Old Kent Road. Ta ce tunda kullum ina cika mata kunne da jiragen kakanta, in zo mu yi ɗaya. Na ce jirgi ba wasan yara ba ne. Ta ce to in zo in nuna mata. Na je.

Kayak suke kiransa, kuma ba irin namu ba ne. Namu katako ne mai kauri da ƙusa, yana ɗaukar shanu da babura da buhunan albasa. Wannan na mutum ɗaya ne tak, kuma da jikin mai shi ake auna shi. Na farko, aka auna buɗin hannuwan Rukayya, aka ninka sau uku, shi ne tsawonsa. Na biyu, aka auna ƙugunta aka ƙara dunƙulen hannu biyu, shi ne faɗinsa. Na uku, aka fere ɗanyen itace siriri kamar yatsa, aka turara shi, aka lanƙwasa tun yana da zafi, ya zama haƙarƙarin jirgin. Ba ƙusa ko ɗaya, ba gam. Kowace mahaɗa da zare mai kaki ake ɗaure ta. Daga ƙarshe aka lulluɓe shi da yadin nailan a madadin fatar da masu asalin abin ke sawa, aka ɗinke da basilla, aka shafe da man da ke hana ruwa shiga. Idan rana ta haska shi, kana ganin haƙarƙarin ta cikin yadin. Da hannu ɗaya nake ɗaga shi.

Kowace Lahadi muna can, tun daga sanyi har ƙarshen zafi. A wannan shago ne Rukayya ta fara tambayata abubuwa: yaya ake kiran wannan a Yauri, Kaka yana duka idan an yi kuskure, me ya sa na bar gida. Ni na riƙe itace, ita ta ɗaure. Haƙarƙari huɗu ta karya kafin hannunta ya gane inda itace ke cewa ya isa.

Ga abin da ya sa Asabar ɗin take da muhimmanci. Akwai ƙungiyar masu tuƙa irin waɗannan jirage a bakin wani rafi a Deptford, suna da rumbun ajiya. Ba sa ba jirgi wuri sai an gwada shi a ruwa a gaban Morin, kuma masu jiran wuri suna da yawa. Shagon kuwa sababbin ɗalibai za su shigo Litinin, dole mu fitar da namu. Litinin ɗin ce kuma Rukayya za ta tafi Glasgow karatun aikin jinya. Ke nan rana ɗaya gare mu: ta shiga jirginta in gani da idona, jirgin kuma ya sami wurin kwana.

Old Kent Road

Mun hau bas mai lamba ashirin da ɗaya, muka sauka bakwai saura. Morin ta riga ta buɗe shago. Ta sake tuna mana maganar ruwa. Rafin Deptford ba kamar kogin Kwara ba ne. Sau biyu a rana teku ke turo masa ruwa ya cika, sau biyu ya janye ya bar taɓo. Ranar nan zai cika wajen sha ɗaya, kafin ɗaya kuwa babu abin da za a tuƙa a kai. Ta hau kekenta ta yi gaba, ta ce za ta jira mu can.

Saura mota. Jirgi mai wannan tsawo ba ya shiga bas, ba ya shiga tasi. Don haka makonni biyu kafin ranar, bayan sallar Juma'a, na sami Alhaji Mudi, shugaban ƙungiyarmu ta 'yan Arewa, Bakano, wanda ke da manyan motocin kwasar kayan gida. Abu ɗaya na roƙa: mota da direba, na awa biyu. Ya yi dariya, ya riƙe hannuna ya ƙi saki.

"Sarkin Ruwa! Ashe jirgi kake ƙerawa a ɓoye ba ka gaya wa jama'a ba? Ai wannan abin alfahari ne gare mu duka. Bar min komai."

Na ce, "Alhaji, mota kawai."

Ya ce, "An gama."

Motar ta zo takwas saura kwata, ba ta makara ba, wannan na yaba. Direban Osumanu ne, mutumin zangon Kumasi, mai fara'a, mun san juna a masallaci. Ya leƙa jirgin ya ɗaga shi da hannu ɗaya, ya fashe da dariya.

"Malam Haruna, wannan jirgi ne ko fitila? Yarinyan zai shiga ciki da gaske?"

Na ce za ta shiga. Ni da kaina na shimfiɗa tsofaffin matasai biyu, ɗaya a goshin jirgin, ɗaya a wutsiyarsa, tsakiyarsa ba ta taɓa ƙasa. Na ɗaure shi da igiya mai laushi. Na ja, na sake ja. Na ce wa Osumanu ya bi a hankali wajen tudun rage gudu. Ya ce ko ƙwai ya ɗauko ba zai fashe ba.

Na ɗaga ƙafa zan hau gaba ke nan, ya sosa ƙeya. Wai Alhaji ya ce ya biya ta Peckham ya ɗauki mutum biyu da ɗan saƙo, kuma kujeru uku ne kawai a motar. Na ce wane saƙo? Ya ce shi ma bai sani ba. Rukayya ta dube ni, ta ce da Turanci ita za ta zauna a baya tare da jirgin. Na ce doka ta hana a ɗauki mutum a bayan irin wannan mota, kuma ni direba ne, ba zan karya ba. Muka tsaya muna kallo motar ta fita titi.

Daga Old Kent Road zuwa Deptford

Muka hau bas mai lamba hamsin da uku, muka haye benen bas ɗin, kujerar gaba, inda take son zama tun tana ƙarama. Hanya ba cunkoso. Muka sha shayin mahaifiyarta a murfin fulas, ita ta kurɓa ta miƙo min. Wajen New Cross ta tambaye ni ko akwai abin da ake faɗa idan za a sa sabon jirgi a ruwa. Na ce kakanta bisimilla kawai yake yi, ya ɗebi ruwa da tafin hannu ya zuba a goshin jirgin, shi ke nan. Ta ce in yi mata haka. Na ce zan yi.

Mun sauka Deptford tara saura, muka taka zuwa bakin rafi. Tun daga kwana na fara jin Hausa.

Bakin ruwa

Mutum sun kai talatin. Manyan riguna, mayafai, yara da balan-balan. An shimfiɗa tabarmi a kan simintin da ake gangara jirage, an kafa kujeru, wani saurayi na gwada lasifika. Turawan ƙungiyar suna tsaye gefe da jiragensu a kafaɗa suna neman hanyar wucewa. Alhaji Mudi ya taho da hannuwa a buɗe.

"Ga Sarkin Ruwa! Ga 'yata! Ka ga yadda jama'a suka amsa? Saƙo ɗaya na tura a guruf ɗinmu na waya."

Rukayya ta rusuna ta gaishe shi kamar yadda aka koya mata. Ni na ce, "Alhaji, ina motar?"

"Tana tafe. Abinci ne bai gama dahuwa da wuri ba. Ai ba a yin irin wannan taro da yunwa."

"Wane taro? Mota na roƙa."

"Haba Malam Haruna. 'Yar Hausawa ta ƙera jirgi a London, a ce an sa shi a ruwa shiru kamar kayan sata? Ku mutanen bakin kogi kun cika rowa."

Dattijo ne, kuma a gaban jama'a muke, sai na bar shi. Na je na taimaka wa Morin janye tabarmi daga hanya. Ruwa na ta hauhawa a jikin bango, launin shayi da madara. Goma ta yi, babu mota. Na kira Osumanu, ya ce suna Peckham, ana loda kaya. Sha ɗaya saura ya ce suna New Cross. Sha ɗaya da minti ashirin motar ta shigo da baya, ruwa ya riga ya tsaya yana shirin juyawa. Duk da haka akwai lokaci. Na ce wa Rukayya ta sa rigar kariya, ta riƙe filafilinta na tuƙi.

Osumanu ya ɗaga ƙofar baya. Ƙamshin manja ne ya fara fitowa.

A tsakiyar jirgin akwai rami zagayayye inda matuƙi ke zura ƙafafu ya zauna. A cikin wannan rami aka dasa tukunyar miya, irin babbar nan ta biki, cike, an ɗaure murfinta da tsumma. Ta gaba da ta baya an cusa ƙunshin ruwan gora don kada ta motsa. A kan bayan jirgin an jingina kuloli biyu na shinkafa. Ga fili a motar, wanda za a shimfiɗa tabarma a yi sallah. Amma a cikin jirgin aka ga damar sawa.

Ban san lokacin da na hau motar ba. Mutum biyu suka cicciɓi tukunyar suka fitar. Tsakiyar jirgin ta lotsa ta zauna a ƙasa. Miya ta zuba ta gangara ciki, ja ta fito ta cikin yadin tun daga wurin zama har kusan goshi. Na zura hannu ina shafawa. Ɗaya ya karye. Na biyu ya karye. Na uku ya tsage ya tsaya da tsini, tsinin ya huda yadin ya fito ta ƙasa. Duka ukun a daidai inda za ta zauna.

Na juya na ce, "Osumanu, wa ya yi wannan?"

Fara'arsa ta ɗauke. "Malam, wallahi na ce masu a bari. Suka ce tukunyan zai faɗi a kwana, miyan zai zube. Suka kira Alhaji a waya, ya ce a sa shi cikin jirgi, ai jirgi don ɗaukan kaya aka yi shi. Ramin kuma ya yi daidai da tukunyan, kamar an auna."

An auna, amma da ƙugun 'yata aka auna.

Na sauko. Alhaji ya matso yana leƙe. Ya ce, "Me ya faru? Miyar ta zube ne?"

Na ce, "Alhaji, jirgin ya karye."

"Karye? Da tukunya ɗaya? To wane irin jirgi ne wannan? A garinku na ga an loda wa jirgi raƙumi."

"Wancan a kan ruwa yake, ruwa ke ɗaukar nauyin. Wannan a kan matasai biyu na ɗora shi, tsakiyarsa a sama. Kun ɗora masa tukunya kun bi da shi ta kan kowane tudu daga Peckham zuwa nan. Wa ya tambaye ni? Wa ya kira ni? Lambata tana wayarka. An kira ka a kan miya, ba a kira ni a kan jirgi ba."

Muryata ta tashi, na sani, domin mai lasifika ya daina gwaji. Wani dattijo ya ce in yi haƙuri, alheri aka nufa. Wata Hajiya ta ce ai Allah ne ya tsare, gara da ya karye a ƙasa, da a ruwa ne fa? Na ce, "Hajiya, a ruwa ba ya karyewa. Watanni muka yi don kada ya karye a ruwa." Alhaji ya dafa kafaɗata, ya rage murya kamar mai yin sirri.

"Kada ka damu. Gobe in aika yaro kanti ya sayo mata sabo, na roba, mai ƙarfi, wanda ya fi wannan kyau. Ka zaɓi launi."

Wannan magana ta fi tukunyar yi min ciwo. Na cire hannunsa daga kafaɗata. Ban taɓa yi wa babba haka ba, kuma ban yi nadama ba.

Duk wannan abu Rukayya tana wajen jirginta. Ita da Morin sun sauke jirgin, sun kifa shi a kan siminti. Morin ta danna wurin da yatsa, ta girgiza kai. Ta ce hujin ba komai ba ne, ana iya liƙe shi yanzu. Haƙarƙarin ne matsala. Sai an farke ɗinki, an turara sababbi, an ɗaure, an sake ɗinkewa. Ta ce ba za ta iya cewa ya ci gwaji ba, kuma wurin ajiyar zai koma ga na gaba a layi. Ta ba mu haƙuri har sau biyu, ita da ba ta yi laifin komai ba.

Sai Rukayya ta zo gabana da filafili a hannu. Da Turanci ta yi maganar, ga fassararta: "Baba, a liƙe hujin. Minti biyar kawai. Nan kusa da bango, ba zan yi nisa ba. Ba don gwaji ba. Ina so in shiga ne kawai kafin in tafi."

Morin ta dube ni. Ta bar min hukuncin, ni uba.

Na dubi ruwan. Ya fara janyewa, kuma na ga yadda yake jan ganye da sauri ta ƙarƙashin gada zuwa babban kogi. Na san ruwa tun kafin in san boko. Idan ta zauna a kan karyayyen itace, tsinin zai sake huda wani wuri, kuma ƙafafunta suna zure a ciki har gwiwa.

Na ce, "A'a."

"Baba."

"Na ce a'a."

Ta ajiye filafilin a ƙasa a hankali, ta cire rigar kariya, ta juya min baya. Wannan shi ne abin da ba zan yafe da wuri ba. Wasu ne suka yi ɓarna, amma bakina ne aka bari ya hana ta.

Kada mai karatu ya zaci taron ya watse. An ci abinci. An yaba miyar, abin da ya rage daga cikinta. Alhaji ya karɓi lasifika ya yi jawabi a kan hazaƙar matasanmu a ƙasar waje. Mutane suka jeru bayan jirgin suna hoto, ta gefen da ba manja. Wata mata ta ɗaga ɗanta za ta ɗora shi a kai, na daka tsawar da ta sa yaron kuka. Kafin a gama addu'ar rufewa ruwa ya tafi, ya bar taɓo baƙi da tsohuwar taya da keken tura kaya na kanti a kife. Wani baƙo da ya zo daga gida kwanan nan ya leƙa ya ce, "Ikon Allah, ina ruwan ya je?" An miƙo min faranti, na ce na ƙoshi.

Daga Deptford zuwa Lewisham, a ƙasa

Osumanu ya zo ya tsaya kusa da ni, hularsa a hannu. Ya ce in bari ya kai mana jirgin gida, shi kaɗai, ba kowa, ba komai. Na ce na gode, amma jirgin nan ba zai sake shiga motar Alhaji ba. Ya ce to bari ya kulle motar ya taya mu ɗauka. Na ce ya je ya mai da kuloli, aikinsa ne, kada ya jawo wa kansa.

Biyu saura muka tashi. Ni a gaba da goshin jirgin a kafaɗa, Rukayya a baya da wutsiya. Ba shi da nauyi, tsawon ne wahala. A kowace kwana sai na tsaya na duba kafin mu karya. A mararrabar Deptford fitila ta ba mu hannu, ta ɗauke kafin wutsiya ta gama tsallakawa, wani mai tasi ya danna mana oda. Wani direban bas abokin aikina ya gan ni, ya buɗe taga ya ce ko an canza min layi ne. Ban yi dariya ba. Manja na ɗiga ta hujin yana bin hannun rigata.

Muka bi titin da ke gefen ƙaramin rafin da ya gangaro daga Lewisham. Tsakanina da ita tsawon jirgi ne kawai, amma ba na ganin fuskarta, ita kuwa ƙeyata take gani. Ina jin takunta ta cikin itacen. Idan ta gaji, jirgin kan karkata hagu, sai in rage sauri ba tare da na waiwaya ba.

A wani ɗan lambu muka sauke shi a kan ciyawa muka huta. Ta durƙusa, ta zura hannu ciki, ta daɗe tana shafa wurin. Na ce mata zan nemi Morin ta ba ni aron tukunyar turara itace, in gyara shi cikin mako biyu, in ɗauki hoto in tura mata Glasgow. Na ce ba za ta ma gane inda ya karye ba.

Ta ɗago. Da Hausa ta yi magana, Hausarta mai tsalle-tsalle.

"A'a, Baba. Kada ka taɓa. Ni na ɗaura su, ni zan gyara. Ka jira ni."

Na ce sai hutun Disamba fa.

"To ka jira Disamba."

Na ce manjan ba zai fita ba, ya riga ya shiga yadin.

Ta ce, "A bar shi." Sai ta koma Turanci ta ce idan ya so duk wanda ya tambaya, ta ce masa ƙungiyar babanta ce ta yi mata fenti. Ban so yin dariya ba, amma ta fito. Ita ma ta yi, tana share ido da bayan hannu.

Muka sake ɗauka. Muka ratsa gefen kasuwar Lewisham ana ta kallonmu, wata mai sayar da doya ta tambaya ko kifi muka kawo. Uku da 'yan mintuna muka iso gida.

Gida

Fulat ɗinmu a hawa na uku yake. Jirgin bai shiga lif ba, bai juya a matakala ba. Mun gwada ta goshi, mun gwada ta wutsiya. Mahaifiyarta ta sauko ta tsaya tana kallon jan tabon, ta ce, "Miyar wa?" Na ce ba yanzu ba. Daga ƙarshe muka kwantar da shi a barandar ƙasa, jikin bango, muka rufe da tsohon bargo. Kafin magariba mai kula da ginin ya ƙwanƙwasa ƙofa. Mutumin kirki ne, amma ya ce hanyar gudun gobara ce, dokar ƙaramar hukuma ta hana, zai kau da kai zuwa ƙarshen wata, daga nan za a kwashe.

Ranar Litinin na raka Rukayya tashar jirgin ƙasa. Ba ta yi min maganar karatu ba, ba ta yi maganar sanyi ba. Da za ta shiga ta ce, "Baba, jirgina." Na ce yana nan. Jiya ta kira, kafin ta tambayi lafiyata shi ta tambaya.

Alhaji Mudi ya aiko a ba ni haƙuri, ya sake maganar na roba. Na ce a gaya masa na ji. Ina gode wa Morin, ina gode wa Osumanu da ya faɗi gaskiya a gaban mai gidansa, ina gode wa Allah da ya dawo da mu gida lafiya ba a sa kowa a ruwa ba.

Yanzu ga roƙona gare ka, mai karatu. Idan kana kudancin London, ko kana da ɗan'uwa a nan, kuma akwai gareji, ko rumfa, ko dogon bango mai rufi inda ruwan sama ba ya taɓawa, tsawon taku bakwai, ka neme ni kafin ƙarshen watan nan. Ana samuna a masallacin Juma'a na Lewisham, sahun gaba ta hannun dama. Zan kawo shi da kafaɗata, in rataye shi da igiyata, in ɗauke shi a Disamba ranar da mai shi ta dawo. Ba na son walima, ba na son jawabi, kada a sa a guruf. Sharaɗi ɗaya ne, kuma ka yi tunani kafin ka amsa: ramin da ke tsakiyarsa wurin zaman 'yata ne. Kada a sa komai a ciki.